Ayarin Bakin Teku

A ƙarshen watan Oktoba makarantun Ingila kan ba da hutun mako guda. A lokacin ganye ya yi ja ya fara zuba, rana ta fara rowa, kuɗin hayar gidajen hutu kuma ya sauko daga inda ya haye a watan Agusta. Wannan ragin ne ke fito da mutanenmu mazauna Landan da Birmingham da Manchester, daga likitoci da ma'aikatan jinya har ɗaliban da suka zo neman digiri na biyu, su haɗa kuɗi su kama gida guda a Cornwall, can kudu maso yamma, inda ƙasar ke ta tsukewa har ta ƙare a cikin Tekun Atlantika. Daga Landan zuwa Penzance tafiyar kusan mil 300 ce, jirgin ƙasa kan yi ta cikin awa 5 da ɗoriya. Abin da ake zuwa yi bai da wuyar faɗi: a biya kuɗi, a sha iska, a jiƙe, a dawo ana cewa an huta. Amma gida ɗaya mai banɗaki ɗaya, da ruwan sama mai zuwa ta gefe, da magariba mai faɗuwa tun ba a gama hirar la'asar ba, ba su barin kowa ya ɓoye halinsa.

Kowane ayari da madugunsa. Shi tun watan Yuli ya buɗe zauren WhatsApp, ya sa masa suna da manyan baƙaƙe, ya fara turo jadawali. Ya san inda za a sha mai, inda za a yi fitsari, da mintin da za a hango duwatsun Stonehenge ta tagar mota a kan hanyar A303. Ya buga takardar tsarin tafiya, ya raba wa kowa, har da yaron da bai fara makaranta ba. Duk wannan yana aiki lami lafiya har a tsallake kogin Tamar, a shiga Cornwall, taswirar waya ta ce a sauka daga babban titi. Daga nan sai wata 'yar hanya da faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba, shinge ta dama, shinge ta hagu, ya fi mutum tsayi, kore shar. Madugu ya ɗauka ciyawa ce mai laushi. Bai san shingen Cornwall katangar dutse ce da ƙasa wadda ganye ya lulluɓe ba, sai madubin motar haya ya gaya masa.

Can sai ga tarakta ta ɓullo daga kwana. Manomin da ke kanta ba ya huci, ba ya danna ham, ya dai tsaya ya zuba ido, domin shi a nan aka haife shi kuma ba inda zai je da sauri. Doka a wurin ita ce wanda ya fi kusa da ɗan wurin raɓewa shi ke ja da baya. Madugu, wanda bai taɓa yin ribas ɗin da ya wuce tsawon gareji ba, ya shiga yi, mutum 6 na ba shi umarni iri 6.

"Alhaji, karya hagu."

"Hagun wa? Tawa ko ta motar?"

Idan an gama, manomin ya wuce ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Godiyar ke nan gaba ɗayanta. Madugu zai kwana yana tunanin ko zagi ne.

Abokin gabar madugu shi ne Ga-ni-nan-tafe. Kowa ya san shi. In an ce ƙarfe 9, shi a lokacin yake neman tawul. A gida wannan hali ba ya jawo masa komai, don ɗaurin aure ma akan jira shi. A Cornwall ya gamu da abin da bai san girman kowa ba. Gaban garin Marazion akwai wani tsibiri mai fada a ƙwanƙolinsa, St Michael's Mount, wanda ake takawa zuwa cikinsa da ƙafa ta wata hanyar dutse. Hanyar ba ta bayyana sai teku ta janye, ta ba ka 'yan awoyi, sannan ta dawo ta rufe abinta. Sau 2 take haka a kwana guda, kuma kowace rana lokacin na gusawa da kusan minti 50, shi ya sa ake buga jadawalinta ana mannawa. Mutumin namu ya iso bayan an ce a iso, ya tarar ruwa ya fara lasar duwatsun. Ya dubi ruwan, ya dubi agogo, ya ce ai yanzu-yanzu za a tsallaka. Ya naɗe wando ya shiga. Rabin hanya ruwa ya kai masa gwiwa, ya juyo yana riƙe da takalma a hannu, Turawa na kan katanga suna ɗaukar sa hoto cikin ladabi. Har yau in ya ba da labarin, cewa yake tekun ce ta zo da wuri.

Wadda ta fi kowa shan dariya ranar tashi ita ce Uwar Kula. An ce kwana 4 za a yi, ita ta yi shirin wata guda. Akwai dambun nama, akwai kilishin da aka aiko da shi tun bazara tana ɓoyo, akwai soyayyar miya a robar ayis kirim, yaji kala 2, garin tuwo, kuka, daddawa a ƙulle cikin leda 3 don kada ta tona mata asiri, da tukunyarta, saboda ba ta yarda da tukunyar da ba ta san abin da aka dafa a ciki ba. Akwatin bayan mota ya ƙi rufuwa. Mijinta ya ce, "Hajiya, hutu fa za mu, ba gudun hijira ba." Ta ce, "To, Alhaji," ta ƙara cusa buhun shinkafa ƙarƙashin ƙafar yara.

Hujjar masu yi mata dariya ita ce an zo a ci abincin gari. Abincin garin kuwa yana da suna. Akwai fasti, ƙullin fulawa da ake naɗe naman sa da dankali da albasa da wata saiwar lambu a ciki, a murɗe bakinsa ta gefe a gasa. Tun 2011 doka ta ba shi kariya: in ba a Cornwall aka haɗa shi ba, ba a kiran sa na Cornwall. Sai dai naman ba yankan Musulmi ba ne, ƙullin kuma sau da yawa da kitsen alade ake murza shi, har wani mai cuku da albasa sai ka tambaya. A koma kifi da dankali, a tarar wani gidan da giya yake kwaɓa fulawar suyar. Saura shayin la'asar da ɗan burodi da jam da kirim mai kauri, wanda mutanen Cornwall da maƙwabtansu na Devon suka daɗe suna gardama a kansa: a Cornwall jam ake fara shafawa sannan kirim, a Devon kirim ne farko. In ka juya tsarin a gidan shayi a Truro, ba wanda zai ce maka uffan, amma tsohuwar teburin kusa za ta ajiye kofinta a hankali. Abin da daɗi, ba ƙarya. Amma ba ya kai magidanci dare.

Ranar Lahadi da yamma ake gane matsayin Uwar Kula. Manyan kantuna a Ingila awa 6 kawai doka ta yarda su buɗe ranar, ɗan shagon ƙauyen ya rufe, gidan abinci mafi kusa ya koma lokutan hunturu, waje duhu, ruwa na dukan taga. Sai ƙamshin daddawa ya taso daga kicin ɗin da bai taɓa jin irin sa ba tun da aka gina shi. Waɗanda suka ce ba gudun hijira za a yi ba su ne na farko a layi da faranti. Ba ta gori. Tana dai tambayar mijinta, da muryar da kowa zai ji, ko a ƙara masa ne ko fasti ya ishe shi.

Limamin ayari ba wanda ya naɗa shi, gemunsa ne ya fi na kowa. Aikinsa na farko da an sauke kaya shi ne yawo ɗaki-ɗaki da waya a tafin hannu yana neman alƙibla, allurar na juyawa yadda ta ga dama, har a ƙarshe a daidaita a kan gabas maso kudu, wajen da injin wanki yake. Na biyu shi ne fatawar kasaru. An wuce mil 48 nesa ba kusa ba, wannan ba gardama. Gardamar a kan kwanakin take: madugu ya kama gidan daga Juma'a zuwa Talata, to an yi niyyar zaman kwana 4 cikakku ko ba a yi ba, ranar shiga tana cikin lissafi ko ba ta ciki? Akan kai awa guda a kan wannan, lokacin da ya isa a yi sallar cikakkiya har da nafila. Sai kuma batun kaguwa da jatan lande da sauran halittun da ake kamowa a Newlyn. Liman ya ce a mazhabarmu abin da ke cikin teku halal ne, ya kawo hujja, kowa ya gamsu. Aka ajiye masa kaguwa a faranti da ƙafafuwanta da komai, ya dube ta, ya ce halal daban, iya ci daban. Ranar Lahadin ƙarshen Oktoba kuma da tsakar dare ake mayar da agogon ƙasar baya da awa guda. Wayoyi su gyara kansu, agogon bangon gidan haya ya ƙi, liman ya tashi jama'a sallar asuba da sauran dare, ya tsaya kai da fata cewa agogon bango ba ya ƙarya. Kusa da Truro akwai masallaci, tsohon ƙaramin coci ne aka mayar, in Juma'a ta riske ku can.

Akwai kuma Na-ɗari, wanda ya fito daga Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram shekara guda da ta wuce, jikinsa bai gama yarda an zo ba. Singileti, riga, suwaita 2, kwat, mayafin wuya, hula a kan hula. Ba ya fita mota a bakin teku, yana dai sauke gilashi kaɗan ya ce Masha Allah ya mayar. Ranarsa guda ce a duk tafiyar, ranar da aka je Eden Project kusa da St Austell. Tsohon ramin haƙar farar laka ne aka kifa wa wasu manya-manyan rumfuna masu kama da kumfa, aka buɗe a 2001, a cikin babbar aka reni dajin ƙasashen zafi, da zafinsa da gumi da komai. Turawa na shiga suna tuɓe riguna suna fifita da takarda. Na-ɗari ya shiga ya sauke ajiyar zuciya, ya zare hula ɗaya, fuskarsa ta dawo. Ga ayaba, ga rake, ga koko, ga kwakwar manja, kowanne da allon bayani. Ya samu benci ya zauna. Aka zagaya aka dawo yana nan. Da lokacin tashi ya yi sai da aka haɗa shi da Allah.

Ma'aji bai ji daɗin ranar ba ko kaɗan. Ya biya kuɗin shiga na mutum 9 don a kalli rake, abin da ake tallar sa a baro a Kwanar Ɗangora. Shi ne mai riƙe da asusun ayari, kuma kowane fam sai ya juya shi zuwa naira kafin ya sake shi, da farashin kasuwar bayan fage. Kuɗin ajiye mota ne ciwon ransa: gara a faka a nesa a taka mil guda cikin ruwa. Da dare yakan lallaɓa ya rage na'urar ɗumama gida, ko da yake kuɗinta na cikin haya, don hannunsa ya saba. Abu ɗaya ne ya taɓa rufe masa baki. A bakin wata gona ya ga ɗan akwati da ƙwai da dankali da tuffa, an rubuta farashi, ga gwangwanin zuba kuɗi, ba kowa a wurin. Ya leƙa bayan shinge. Ya ɗaga kai yana neman kyamara. Ya yi sallama har sau 3. A ƙarshe ya ɗauki ƙwai, ya zuba kuɗin cif, ya ƙara da ɗan canji, ya dawo mota jikinsa a sanyaye. Sai da aka yi nisa ya ce, "Wannan mutumin ba zai yi arziki ba," amma ba da ƙarfin da ya saba ba.

Ɗan hoto bai zo ganin teku ba, ya zo ne a gan shi da teku. Ya ɗauko shadda da babbar riga da hula zanna bukar musamman don Land's End, ƙarshen ƙasar ta yamma, inda akwai sanannen allon nan mai nuna mil 874 zuwa John o' Groats a can arewacin Scotland. Kana biya a jera maka sunan garinku a jiki a ɗauke ka. Ya sa aka jera sunan ƙauyensu harafi-harafi, mai hoton na tambaya ko ya tabbata haka ake rubutawa. Abin da bai lissafa ba shi ne iskar Atlantika, wadda ba abin da ya tare ta tun daga Amurka. Ta shiga babbar rigar ta ƙasa ta cika ta, ta ɗauke hular ta yi gaba da ita, mutum 2 suka riƙe shi ta ƙugu. Hoton da ya fita a Facebook an rubuta masa godiya ga Allah da hutu mai sanyaya rai.

Shi ɗin dai ne ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta St Ives da ayis kirim a hannu ɗaya, waya a ɗayan, yana yi wa mabiyansa bayani kai tsaye, duk da allunan gargaɗi da aka kafa. Fararen tsuntsayen tekun nan na St Ives, wanda ya san shirwa a bakin mahauta ya san aikinsu, sai dai su ta bayan kafaɗa suke zuwa, kuma ba su da kunya. Mabiyan sun ga fiffike, sun ji salati, sun ga sama.

Malam Masani ya fi kowa gajiyar da mutane, kuma abin haushin, yawanci gaskiya yake faɗa. Ya karanta komai kafin a taso. Ba za a wuce hasumiyar hayaƙi ko rusasshen ɗakin inji a kan tsauni ba sai ya sa an tsaya. Waɗannan kufai, in ji shi, ma'adinan kuza da tagulla ne. A Botallack ramukan har ƙarƙashin teku suka shiga, masu haƙa na jin ƙarar ruwa a bisa kansu. A Levant, a 1919, injin da ke hawa da sauka da ma'aikata ya karye, mutum 31 suka mutu. Ramin kuza na ƙarshe, South Crofty, a 1998 aka rufe shi. A 2006 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Yara sun fara kuka, Uwar Kula na hamma. Sai ya jefo wadda ta sa kowa ya juyo: kuzar nan ita ce dai ta Jos. Lokacin da harkar ke mutuwa a nan, mutanen Cornwall sun bazu duniya neman ramuka, kuma makarantar koyon haƙar ma'adinai ta Camborne ta yaye Turawa da dama da suka ƙare a tudun Filato suna ba da umarni, kakanninmu na ɗaukar kwanon ƙasa a ka. Wani dattijo a cikin ayarin, wanda bai ce komai ba tun Landan, ya ce mahaifinsa ya yi aikin kuza a Bukuru, na tilas, lokacin yaƙin Hitila. Aka yi shiru. Masani, da bai san darajar shiru ba, ya ci gaba da bayanin cewa wai murɗaɗɗen bakin fasti mariƙi ne, don mai haƙa ya riƙe da hannu mai datti ya ci ya yar.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne abin kallo. Masu ƙasar ma suna da nasu.

Akwai tsoho da tsohuwa da ke tuƙo mota daga nesa, su faka ta fuskanci teku, su ƙi fita. Su buɗe filas, su zuba shayi, su ci burodi, gilashi ya yi tururi, mai goge gilashi na kai da komo. Ba mai ce wa wani komai. Bayan awa guda tsohon ya ce, da harshensu, ya yi kyau. Tsohuwar ta ce ya yi. Su tayar da mota su koma. Na-ɗari ya ce su kaɗai ne masu hankali a lardin.

Akwai kishiyoyinsu, ƙungiyar iyaye mata masu furfura da ke shiga teku da sassafe a watan Oktoba, da hular ulu a ka, ruwan da in ka sa yatsa sai ka ji shi har haƙori. Su fito jajur suna dariya, su ce maka lafiya ce, ka gwada. Hajiyoyinmu kan tsaya daga nesa cikin bargo suna tambayar juna ko waɗannan ba su da 'ya'yan da za su hana su. Ga masu karnuka, waɗanda kaka ce lokacinsu, don yawancin gaɓoɓin da ke hana kare a bazara sun ɗage dokar. Kare ya taho a guje jiƙe sharkaf ya nufi farar shaddar liman, mai shi na kira daga nesa cewa ba ya cizo, wasa yake so. Ba cizon ne damuwar liman ba. Ga kuma mai sanda 2 da jaka a baya, wanda ke bin hanyar ƙafar da ta zagaye gaɓar kudu maso yamma, mil 630 daga Minehead zuwa Poole. Ba a kore shi daga gida ba, ba bashi ake bin sa ba, motarsa ma tana nan lafiya. In ka tsaya ka ce ya shigo ka rage masa hanya, kallon da zai yi maka sai ka ɗauka zagin iyayensa ka yi.

Waɗanda ba na yi wa dariya sosai su ne masu kallon guguwa. Da an sanar iska mai suna na tafe, sai su cika Porthleven su ga igiyar ruwa na dukan hasumiyar agogon da ke bakin tasha. Daga nesa abin kallo ne. Amma kullum sai an samu wanda zai matsa kan katanga don hoto, namu ko nasu, ya manta cewa in ruwa ya ɗauke shi wasu ne za su bar gadonsu su fita nema. Masu jiragen ceton nan na RNLI yawancinsu 'yan sa kai ne, masunta da makanikai da masu shago, kuma da sadakar jama'a ake tafiyar da ƙungiyar tun 1824. A ƙauyen Mousehole har yau ana tuna daren 19 ga Disamba 1981, da jirgin ceto na Penlee ya fita cikin guguwa bai dawo ba, mutum 8 na ƙauyen suka tafi tare da 8 ɗin da suka je cetowa. Duk shagon da ka shiga za ka ga ɗan asusu mai siffar jirgi a kan kanta. Ko ma'aji ya saka wani abu.

Sai Ɗan Landan mai gida na biyu, wanda ke zuwa mako 3 a shekara ya fi kowa ƙorafin baƙi sun cika gari. Ire-irensa ne suka sa da dare za ka ga rabin tagogin ƙauye duhu, 'ya'yan masunta kuma sun kasa sayen ɗaki a inda aka binne kakanninsu. A 2016 mutanen St Ives suka kaɗa ƙuri'a cewa sabon gida sai wanda zai zauna a ciki. Saboda haka in matar shagon fasti ta amsa gaisuwarka a gajarce, ba lallai launin fatarka ba ne. Baturen da ke bayanka a layi da lafazin Landan, tasa amsar ta fi taka gajarta.

A kowane ayari kuma akwai wanda ba a gani. Ya shiga ɗaki ranar Juma'a, ya tambayi lambar intanet, ya gano katangar gidan dutse ce mai kauri, sabis sai a kan matakala ta 3. Nan ya tare. Duk wanda zai hau ko zai sauka sai ya tsallake shi. Ranar komawa ya ce gaskiya wurin ya yi, a sake zuwa baɗi.

Na ƙarshe bai ma zo ba. Ya ce aiki ya riƙe shi, alhali kason kuɗin ne ya gani ya ja da baya. Tun kuna hanya yake kira yana tambayar tsarabarsa. Kada ku kwaso masa duwatsun bakin teku, a wasu gaɓoɓin ana cin tara a kan haka. Ku sayo masa alewar madarar da ake sayarwa a kowane lungu na garuruwan, ƙaramin kwali, ku ce ma'aji ne ya zaɓa.

Wanda ke shirin zuwa, ya je kafin a juya agogo, ya sayi rigar ruwa ya bar lema a gida don iskar wurin karya ta take yi, ya duba jadawalin teku kafin ya duba na madugu. In kujerun mota ba su isa ba, a sauke Masani, a sauke ɗan hoto, in ta kama a sauke madugun ma, amma kada a kuskura a tashi ba Uwar Kula.